Yadda Ake Fita da 'Yan Sakandare Sansanin Koyon Shugabanci a Dawo da Su Lafiya

Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san 'yan Man O' War, masu tayar da mutane da asuba, masu igiya da katanga da ramin rarrafe. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne horon nan ya girmi hidimar ƙasa nesa ba kusa ba. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe cibiyar farko a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yau ake kira Limbe a Kamaru. Ya ɗauko tsarin ne daga makarantar Outward Bound da Kurt Hahn da Lawrence Holt suka kafa a 1941 a Aberdyfi ta yankin Wales, don koya wa samarin jirgin ruwa juriya a lokacin yaƙin duniya na 2. Da Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru a 1961, sai horon ya dawo Kurra Falls a ƙasar Filato. Yanzu cibiyar gwamnatin tarayya ta horon zama ɗan ƙasa nagari da shugabanci, wadda ake kira CLTC, ce ke riƙe da shi, tana da makarantar dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos, da ta teku a Apapa, da ta kurmi a Aluu kusa da Fatakwal, da wasu a Fika ta Yobe da Kwatarkwashi ta Zamfara.

Na kawo tarihin ne don malaman da ke jin abin baƙo ne. Ya fi shekara 70 a ƙasar nan. Abin takaicin shi ne yaro sai ya gama jami'a yake ɗanɗana shi na 'yan kwanaki, alhali lokacin da ya fi buƙatarsa yana ɗan shekara 15 ko 16, hali bai gama daskarewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, don duk matakan da ke ƙasa a kansa suke tafiya. Lafiyar yara da tsaronsu suna wuyan manya, ba a raba wannan da kowa. Amma sauran abubuwa, wato wa zai dafa, wace hanya za a bi, yaushe za a huta, yaya za a sasanta rigima, dole a sakar wa yara su da gaske. Sansanin da malami ke yanke kowace shawara yawon buɗe ido ne kawai.

Da farko, su wa za ka ɗauka

'Yan aji 4 da aji 5 sun fi dacewa. 'Yan aji 6 hankalinsu yana kan WAEC da NECO, kuma kafin makaranta ta ci moriyar abin da suka koyo sun tafi. Karon farko kada ka wuce yara 30 zuwa 40.

Kuskuren da makarantu suka fi yi shi ne kwasar firfet-firfet da masu ɗaukar na ɗaya zuwa na biyar. Ka haɗa su da wasu. Ka sa yaron nan mai surutu a bayan aji wanda duk abokansa ke bi, ka sa yarinyar da ba a taɓa jin muryarta ba, ka sa ɗan gidan da ba a taɓa sa shi wanke tukunya ba da ɗan gidan da shi ke ɗebo ruwa kullum. Idan makarantarku ta haɗa Musulmi da Kirista, ko ƙabilu daban-daban, to a gauraya su a kowane rukuni. Tun a Man O' War Bay ɗaya daga cikin manufofin ke nan, a haɗa samari daga sassa daban-daban a kan aiki guda.

Wuri, lokaci, da maganar tsaro

Hanya biyu ce. Ko ka kai su cibiyar da ta riga ta tanadi malamai da kayan aiki, irin ta Shere, ko ka shirya naka. Idan akwai hawan dutse da igiya ko shiga kwale-kwale, to cibiya za ka nufa, babu tantama. Malamin lissafi komai ƙwazonsa ba zai koyi ɗaurin igiyar da ran yaro ke rataye a kai daga bidiyon waya ba. Rubuta musu wasiƙa da wuri, ka tambayi kuɗi, da abin da ke cikin kuɗin, da wanda zai kula da marar lafiya, da inda 'yan mata za su kwana.

Idan naka za ka shirya, ka dubi gaskiyar zamanin da muke ciki. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, babu uban da za a ga laifinsa idan ya ji kalmar daji gabansa ya faɗi. Ni shawarata ita ce a raba kwana da yini. A kwana a wuri mai katanga da masu gadi, kamar kwalejin horon malamai ko wata makarantar kwana a cikin gari lokacin hutu, a kafa tanti a filinta. Da rana a fita dutse ko gona ko bakin dam da ke kusa, a dawo kafin la'asar sakaliya. Yaro ba ya asarar komai don bai kwana a dokar daji ba. Idan kuma yankin gaba ɗaya ba lafiya, a ɗage. Babu darasin da ya kai ran ɗan mutum.

Kafin ka sa rana, ka je da ƙafarka, sau biyu idan da hali. Ka taka hanyar da yara za su bi, kana duba agogo, sannan ka ninka lokacin sau biyu don ayarin yara ba ya tafiyar mutum ɗaya. Ka duba inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa. Ka auna minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa, ka shiga ka tambaya ko suna ajiye allurar sarar maciji. Ka kai gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ka sanar da baturen 'yan sanda na yankin a rubuce, ka nemi mafarauci ko manomin wurin da zai yi muku rakiya, a biya shi hakkinsa. Ranar tafiya da wurin da za a je kuwa, kada a baza su a Facebook ko zaurukan WhatsApp. Hotuna sai an dawo.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya ɗauke, zafi bai dawo ba. Maris zuwa Mayu rana tana iya kayar da yaro, ga sanƙarau. Da damina akwai tsawa da rafin da ke cika cikin minti kaɗan. Mai zuwa Jos a Disamba ko Janairu ya shirya wa sanyi na gaske, domin garin kansa ya kai kimanin mita 1,200 bisa teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. A kauce wa watan azumi.

Iyaye

Kada ka tura takarda kawai ka ce a sa hannu. Kira taro. Ka nuna musu hoton ɗakin da 'ya'yansu za su kwana, da makewayi, da wurin salla, ka gabatar da malaman da za su tafi ɗaya bayan ɗaya. Iyayen 'yan mata za su yi tambayoyi masu yawa, kuma suna da gaskiya. Amsar da ke kwantar musu da hankali ita ce ta zahiri: masaukin mata daban, malamai mata ne ke kwana da su, babu namijin da ke shiga, kuma wata uwa daga ƙungiyar iyaye da malamai za ta bi su. A makarantu da dama ya fi sauƙi a yi na mata zalla a wani mako daban. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar su a gida don gudun wahalar shiri.

Izinin ofishin ilimi na shiyya a same shi a rubuce. Sai takardar lafiya, wadda nake roƙon kada a yi mata riƙon sakainar kashi. A tambayi asma, da farfaɗiya, da abincin ko maganin da jikin yaro ba ya so, da sikila. Mai sikila sanyi da ƙishirwa da gajiya mai tsanani da hawa wuri mai tsayi duk suna iya tayar masa da ciwo. Wannan ba ya nufin a hana shi zuwa. A nemi shawarar likitansa, a rage masa kaya, a ba shi aikin da ya dace da shi, ruwa da rigar sanyi kada su rabu da shi. Wasu iyayen suna ɓoye irin wannan don kada a cire ɗansu, shi ya sa ya kamata ka faɗa a bainar taro cewa faɗin gaskiya ba zai sa a cire kowa ba.

Manyan da za su bi

Babba 1 ga yara 8 zuwa 10, ban da nas ko wanda ya yi horon taimakon gaggawa, ban da direba da motar da ke kwana a wurin da mai a tanki. Dokoki uku za a karanta wa kowane babba ya sa hannu: ba duka, ba keɓewa da yaro ɗaya inda ba a ganinku, ba gwale-gwale da sunan horo. Tsallen kwaɗo da birgima a taɓo don a wulaƙanta yaro ba sa koya masa komai sai yadda zai yi wa na ƙasa da shi idan ya samu dama. Muna da isassun masu irin wannan shugabanci.

Kaya da ruwa

Kowane yaro: bargo, tabarma, gidan sauro, rigar sanyi, hula, tocila, kwano da cokali, gorar ruwa, littafi da biro, da takalmin kambas da ya riga ya saba da ƙafarsa. Sabon takalmi bororo yake kawowa tun kafin azahar. 'Yan mata a tanadar musu audugar mata a hannun malama ba sai sun tambaya ba, da dogon wando a ƙarƙashin hijabi mai matsakaicin tsawo wanda ba zai sarƙe a ƙaya ba. Jakar baya kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ita. Wayoyi a karɓa a rubuta suna, a ba iyaye lambar malamai biyu da lokacin kira.

Ruwa ne ke rusa sansani fiye da komai. Yi lissafin aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana don sha da girki da alwala da wanke-wanke, ranar tafiya kuma kowa ya sha lita 3 ko fiye. Ruwan rafi ko na rijiyar da ba ka sani ba, a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin. Masai ɗaya ga mutum 20, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, da buta da sabulu a bakinsa. Abinci wanda yara za su iya dafawa da kansu: shinkafa da wake, taliya, ɗanwake, kunun gyaɗa da safe, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino na hanya. A cikin kasafin kuɗi a ware kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, a kuma nemi tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin yaran da iyayensu ba su da hali, a asirce.

Raba su ayari-ayari

Nan ne zuciyar aikin. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da tsarin da ya fi duk wanda za mu aro. Ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Ni da waɗannan sunaye nake amfani, kuma yara suna kama ma'anarsu nan take.

Kowane ayari yara 8 zuwa 10, kai za ka raba su, ka raba aminai. A cikinsa akwai madugu, da jagaba mai riƙe taswira, da mai bin baya wanda ba ya barin kowa a bayansa, da mai kula da ruwa, da sarkin girki, da mai agogo da lokutan salla, da magatakarda mai rubuta abin da ya faru. Kowace safiya muƙamai suna juyawa. Wanda ya yi madugu jiya, yau shi ke wanke tukunya. Kafin a tashi kowa ya ɗana riƙon wani muƙami, kowa kuma ya ɗana biyayya ga wanda yake ganin ya fi shi.

Aikin malamin ayari shi ne ya yi tafiya a baya ya kame bakinsa, kuma wannan ya fi hawan dutsen wuya. Na tuna wata safiya da muka iso mararraba a gindin wani dutse. Jagabar ranar, wata siririyar yarinya da ba ta cika magana ba, ta duba taswira ta ce hagu. Madugu, yaro mai faɗa a ji a makaranta, ko kallon takardar bai yi ba ya ce dama, sauran suka bi shi. Na san hanyar dama ba ta da haɗari, gonar dawa kawai take ɓullewa, sai na yi shiru na bi su. Mun yi kusan minti 40 kafin hanya ta ƙare a bakin shinge. Aka yi cirko-cirko, ana share gumi, gorunan ruwa sun yi rabi. Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya juya ya ce mata, "Kawo mu gani." Ta shimfiɗa taswirar a kan dutse, ta sa yatsa inda muke. Da na yi magana a mararraba, da mun huta da tafiyar awa ɗaya da wani abu, shi kuma da ya koma gida yadda ya zo.

Ƙa'idar ita ce: kuskuren da sakamakonsa gajiya ne ko ƙonannen abinci ko jinkiri, a bar shi ya faru. Wanda zai kai ga rauni, a tsayar da shi nan take ba tare da shawara da kowa ba.

Yadda kwana 5 za su tafi

Ranar farko ta sauka ce da kafa tanti, sai kowane ayari ya rubuta dokokinsa da kansa. Ta biyu a koyi abin hannu: karanta taswira da kamfas, hura wuta, ɗaurin igiya, taimakon gaggawa, da wasannin da ba sa yiwuwa sai an haɗa kai, kamar tsallakar da ayari duka da jarkar ruwa a kan katako biyu ba tare da an taka ƙasa ba. Ta uku babbar tafiya, kilomita 8 zuwa 12 gwargwadon ƙarfinsu, a fita bayan sallar asuba. Ta huɗu aikin gayya a ƙauyen da ya karɓe ku. A tambayi mai unguwa abin da suke so, kada a yanke musu. Wataƙila yashe magudana ne, ko gyaran bencin makarantar firamare, ko shingen bishiyoyin da awaki ke ci. Ta biyar a kwashe shara har tsinke, a yi sallama.

Makarantar da ke son abin ya ɗore tana iya shiga tsarin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda aka fara a 1956 kuma ana yin ta a Nijeriya, ga masu shekara 14 zuwa 24. Tafiyar matakin tagulla kwana 2 ce da dare 1, ta azurfa kwana 3, ta zinariya kwana 4.

Idan abu ya faru

Ƙirga kai kafin tashi, a kowane hutu, da lokacin kwanciya. Kowane yaro da abokin tafiyarsa, ko makewayi ba a zuwa shi kaɗai. Busa usur sau uku na nufin kowa ya tsaya inda yake.

Sarar maciji, musamman kububuwa da ta yi yawa a ƙasashen Gombe da Taraba da kudancin Filato: a kwantar da yaron, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaya neman macijin. Riga-kafinsa shi ne takalmi rufaffe, da tocila da dare, da kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, da hana cusa hannu a ramuka ko ƙarƙashin dutse lokacin neman itace.

Gudawa ko galabaita: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau kuma ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi. Idan aka ji tsawa a sauko daga dutse, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wanka a dam ko kududdufi haramun ne a sansanina, ko da yaro ya rantse a bakin kogi aka haife shi. Lambar gaggawa 112 ce, amma kada ka dogara da ita kaɗai, ka riƙe lambar asibiti da ta 'yan sandan wurin a takarda.

Zaman bayan isha

Idan aka bar wannan, duk wahalar rana ta tafi a banza. Kowane ayari ya zauna da'ira da malaminsa, minti 30 zuwa 40. Tambayoyi uku sun isa: me ya faru yau, me ya sa ya faru haka, me za mu sauya gobe? Madugun ranar ne zai fara, ya faɗi inda ya ga ya yi daidai da inda ya kuskure, sannan kowa ya gaya masa abu ɗaya da ya ji daɗinsa da abu ɗaya da zai gyara.

Yaranmu an tarbiyyantar da su da kunya da kawaici, don haka daren farko za ka ji "ba komai, Malam" daga kowane baki. Kada ka cike shirun da wa'azi. Yi tambaya ƙarama mai kama ƙasa: "Da ruwa ya ƙare, wa ya fara lura?" ko "Wa ya ɗaukar wa wani jaka yau ba a sa shi ba?" A daren tafiyar nan da na ba da labari, wani yaro ne ya ce shi ma ya ga hagu ce daidai amma ya ji nauyin ya saɓa wa madugu. Muka shafe sauran zaman a kan wannan kaɗai: yaya ake gaya wa na gaba ya yi kuskure ba tare da raini ba, kuma yaya na gaba zai ji ba tare da ya ɗauka an ci masa fuska ba. Su suka kawo amsoshin, har suka tsayar da dokar cewa kafin a ɗauki kowace hanya sai madugu ya tambayi mutum biyu.

Bayan an dawo

A daren ƙarshe kowane yaro ya rubuta abu ɗaya da zai yi a makaranta ko unguwa cikin zangon karatu mai zuwa, ƙarami wanda za a iya gani da ido: koya wa 'yan aji 1 lissafi ranar Asabar, ko kula da famfon makaranta, ko hana manyan ɗalibai aiken ƙanana da dare. Ka karɓi kwafi. Ka rubuta wa iyaye 'yan layuka a kan abin kirki da ka gani a ɗansu, ka kai wa shugaban makaranta rahoton kuɗi da na duk wani rauni komai ƙanƙantarsa. Mai unguwar da ya karɓe ku a aika masa da godiya.

Bayan mako 6 ka tara su, kowane ayari a da'irarsa, ka miƙa wa kowa takardarsa ya karanta ya faɗi inda ya kai. Daga cikin waɗanda suka cika alkawari za ka zaɓi huɗu ko biyar da za su bi sansanin baɗi a matsayin mataimakan malamai.